Shekarar da Aka Hana Inna Cin Kifi

Tun da na yi wayo, bandar kifi na ga Inna tana yi. Gidanmu na Wara yana kusa da bakin ruwa, kuma a bayan ɗakinta akwai murhun banda da Baba ya gina mata da laka. Da hantsi masunta za su kawo tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, ta farke, ta wanke, ta lanƙwasa, ta jera a kan raga. Warangi kuwa, 'yan mitsi-mitsin nan da ba su kai tsawon yatsa ba, a rana take shanya su. Mu 'ya'yan gidan, ko da wane sabulu muka yi wanka, a makaranta sai an ce muna ƙaurin banda. Ban taɓa damuwa ba, don da ƙaurin nan aka ciyar da mu.

Duk wutar nan da hayaƙin nan, fatar hannun Inna sumul take. Mata a kasuwa suna tambayarta abin da take shafawa, ta ce ita man kaɗanya kawai ta sani, shi ma sai in ta tuna.

Shekarar da Baba ya rasu, ruwa ya cika ya cinye shinkafar fadama da ɗan geron da marigayin ya shuka kafin ya kwanta ciwo. Masara kaɗai ta tsira, don tana kan tudu. Ni lokacin ina Yelwa a gidan mijina, ina ɗinki, ga tsohon ciki na fari. A al'ada gida ya kamata in koma in haihu, Inna ta yi mini wankan jego. Sai ta aiko cewa in zauna wurin surukata, ita tana takaba. Na ji zafi, amma na haɗiye. Na haifi 'ya mace, aka yi suna, Inna ba ta zo ba. Na yi arba'in, takaba ma ta ƙare, shiru. In na kira ta a waya, lafiya lau, lafiya lau, sai ta ce wuta na jiranta.

Ni kuwa ba a san ni da dogon haƙuri ba. Ran nan na goya 'yata, na shiga mota, ban gaya wa kowa a Wara ina zuwa ba. Duk hanya ina shirya maganganun da zan gaya mata.

Gwaggo na fara gani, yayar Babanmu, wadda ta zo taya Inna zaman takaba ta kuma zarce da zama. Ita ce a durƙushe tana farke kifi, aikin da ba nata ba. Inna tana can gefe a kan kujera 'yar tsuguno, tana tura itace cikin murhu da ƙafa. Ta rame har sai da na sake dubawa. Duk maganganun da na shirya suka gudu. Na kwance goyo na miƙa mata jikarta.

Ta mayar da hannuwanta cikin mayafi, ta ja baya da kujerar.

“Kada ki matso da ita,” ta ce. “Tsaya daga nan in gan ta.”

Sai da na matsa mata sannan ta fito da hannuwan. Bayansu ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ya tsattsage, yana ɓarewa. Haka saman ƙafafunta. A wuyanta kuma abin ya zagaye kamar ta sa sarƙa. Ta ce yana mata zafi da ƙaiƙayi, harshenta ya yi ja ba ta jin daɗin komai, cikinta kuma ba ya riƙe abinci. A jikin katanga na hango kwano ɗaya da moɗa ɗaya an ajiye su nesa da sauran kwanuka, an ɗaura wa kowanne jan ƙyalle.

Ba wanda ya kira sunan ciwon. “Babban ciwo” Gwaggo ta ce, murya ƙasa-ƙasa, tana waige ko maƙwabta na ji. Kuturta take nufi. Inna tana da wani kawu da ya yi ta tun tana yarinya, aka yi masa bukka a bayan gari, kuma ita ake aike ta kai masa abinci, ta juye a kwanonsa ba tare da kwanukan sun haɗu ba. Da ta ga bayan hannunta ya fara canzawa, kawun nan ta tuna. Ita da kanta ta ware kwanonta, ita ta ɗaura ƙyallen. Shi ya sa ta hana ni zuwa wankan jego.

Na tambayi abin da ake mata. Gwaggo ta gyara zama ta lissafa mini da alfahari, don ita a ganinta ta tsaya tsayin daka. A wurinmu kowa ya san mai ciwon fata ba ya cin tarwaɗa, tunda ba ta da ɓawo a jiki, an ce tana tayar da ciwo. To, da abin ya fara aka hana ta tarwaɗa. Bai lafa ba, aka hana ta kifi gaba ɗaya. Ya ƙaru, aka cire naman akuya, daga nan kowane nama. Sai gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wai maiƙonsu na kawo ƙaiƙayi. Sai ƙwai, sai nono. Duk sanda ciwon ya ci gaba, sai su zauna su biyu su nemo abin da ya rage su cire. Abin da ya saura mata shi ne kokon masara da safe, tuwon masara da miyar kuka lami da rana da yamma. Matar da dama tun rasuwar Baba ba ta wani cin abincin kirki.

Raina ya ɓaci, na ce, “Haba Gwaggo, ai kafin ciwon ya kashe ta yunwa ta riga shi. Mace ta wuni kan kifi ba ta ɗanɗana ba?”

“Ke ɗiyar nan, mi kika sani?” in ji Gwaggo. “Haka muka taras ana yi. Da ba mu hana ba, da yanzu yatsun sun fara zuba.”

Na yi ta faɗa, amma gaskiya tsoro ne ke cina. Ni ma da wannan maganar ta tarwaɗa na tashi, ban da wata hujjar da zan ce ƙarya ce. Ina faɗan ina ƙara rungume 'yata a ƙirji.

Na ce asibiti za mu. Inna ta ce ko kusa. In likita ya furta sunan, magana za ta kai kasuwa, kuma babu mai sake sayen kifin da ya fito daga gidan nan. Na roƙa, na yi kuka, na kawo mata maganar Allah da Annabi, ta kafe. Sai na tashi na je jikin katanga, na ɗauki moɗar nan mai jan ƙyalle, na ɗebo ruwa a randa na kai baki.

“Ajiye!” Inna ta miƙe tsaye har kujerar ta kife.

Na ce, “In ba za ki asibiti ba, ni ma na zauna ke nan. Da moɗar nan zan sha, a kwanon nan zan ci, kuma ina shayarwa.”

Ta ce ni dai tun ina ciki ba na jin magana. Ta yarda, amma da sharaɗin a Yelwa za a duba ta, inda ba a san ta ba. Washegari ta zura safar ƙafa a hannuwanta, ta lulluɓa, ta cusa kwanonta da moɗarta a jaka. A mota ta matse jikin ƙofa don kada kafaɗarta ta taɓa goyona.

Likitan da muka samu wani dattijo ne mai sanyin magana. Ya sa ta cire safar. Ya ɗauko auduga ya murza ta ta yi tsini, ya ce ta rufe ido, duk inda ya taɓa ta nuna. Ya taɓa bayan hannu, ta nuna. Ya taɓa wuya, ta nuna. Ya taɓa ƙafa, ta ce, “Ɗana, a hankali, wurin zafi gare shi.” Ya sa wata nas ta shiga da ita ciki ta duba bayanta da cikinta, nas ta fito ta ce ko tabo babu. Ya ce mu lura, abin bai fito ba sai inda rana ke bugu, kuma hagu da dama iri ɗaya.

Sannan ya tambayi abin da take ci. Na lissafa masa, da abin da aka hana ta ɗaya bayan ɗaya.

“Ina kuke zaune?” ya ce.

“Wara, bakin ruwa.”

“Mece ce sana'arta?”

“Bandar kifi.”

Ya ajiye biro ya dube mu, bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce wa Inna, “Mama, wannan ba kuturta ba ce. Mai kuturta ba ya jin taɓi a wurin da ciwon ya kama. Ke yunwa ce ta fito miki a fata.” Ya yi mana bayani cewa akwai wani bitamin da fata ke buƙata, wanda masara zalla ba ta ba jiki isasshe. Yana cikin kifi, da gyaɗa, da hanta, da nama, kuma wake da ƙwai da nono suna taimakawa. Ina jin yana lissafawa kamar Gwaggo ce ke karanto masa. Ya rubuta ƙwayoyi, ya ce ta rage zama cikin rana, ta riƙa shafa man kaɗanyarta, ta kuma ci duk abin da aka hana ta.

Inna ba ta nuna ta ji duk wannan ba. Tambaya ɗaya ta yi: “Ba a ɗauka?”

“Ko kaɗan,” ya ce.

Na zauna a kan bencin da ke bakin ƙofa na yi kuka mai isata. Daɗi ne, da haushi, da godiyar Allah, duk a haɗe. A nan take na kwance goyo na miƙa mata. Ta girgiza kai. Ta ce likita mutum ne, yana iya kuskure, sai ta gani da idonta.

Na riƙe ta a gidana. Ranar na shiga kasuwa na sayo busasshiyar tarwaɗa, da gangan tarwaɗar na zaɓa, na yi miyar gyaɗa da zogale da tuwon shinkafa. Ta ce in zuba mata a kwanonta mai ƙyalle, na zuba ina ƙunƙuni. Ta tasa shi gaba tana kallo kamar an ba ta guba. Ta yi bisimilla ta kai loma, ta tauna a hankali saboda harshen. Can ta ɗago wani yanki ta juya shi.

“Wa ya yi wagga banda? Ba ta ji wuta ba.”

Na juya baya don kada ta ga ina dariya. Rabon da in ji ta kushe aikin wani tun Baba na da rai.

Da safe kunun gyaɗa da ƙosai, da rana wake ko dafaffen ƙwai, da yamma kifi. Mijina in zai dawo ya biyo da tsiren hanta. In Bafillatana ta wuce na kira ta a dama fura. Cikin 'yan kwanaki cikin Inna ya tsaya, harshen ya daina zafi, ta fara neman ƙari. Gwaggo tana kira a waya kullum tana cewa mun ji, a ba ta komai, amma don Allah ban da tarwaɗa.

Sai kuma fatar ta fara saɓulewa da yawa, fiye da da. In ta tashi daga tabarma sai ka ga baƙin ɓawo a zube. Hankalina ya tashi, na ce shi ke nan, maganar Gwaggo ta tabbata. A daidai lokacin Gwaggon ta iso daga Wara, ta kama bakinta ta ce, “Ga shi nan, ai na faɗa.” Ta jawo hannun Inna zuwa haske don ta nuna mini ɓarnar da na yi. Ta murza da babban yatsa, ɓawon ya fita. A ƙarƙashinsa sabuwar fata ce, mai laushi, ba tsaga ko ɗaya. Gwaggo ta ƙara murza wani wurin, haka. Ta juya hannun, ta duba yatsun ɗaya-ɗaya. Ta manta ba ta saki hannun ba.

Duk da haka Inna ba ta ɗauki yarinyar ba. Ta saba da kallonta daga nesa, tana mata wasa da baki. Ni ma na gaji da miƙawa ana mayar mini, na bari.

Wata safiya ina yi wa yarinyar wanka a tsakar gida, tana ta tsala kuka tana zillewa, ga kumfa ya shiga mata ido. Inna na zaune a bakin ƙofa tana ba ni umarni. Tallafi kan. Ba haka ba. Juya ta. Na ce mata ai ina yi.

“Haka aka wanka? Za ki karya mata wuya. Miƙo ta nan.”

Kafin in yi motsi ta iso, ta naɗe zani, ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta karɓe ta daga hannuna. Ta kifa ta a kan ƙaurinta ta shiga cuɗawa, tana mita wai 'yan yanzu ba abin da suka iya sai ɗinki. Na tsaya da soso a hannu, ko numfashin kirki ban yi ba, don kada ta tuna.

Sai da ta ɗauraye ta, ta lakato man kaɗanya ta fara shafa mata a baya, sannan hannunta ya tsaya. Ta dubi hannun, ta dubi yarinyar. Na zaci za ta mayar mini da ita. Sai ta ɗaga ta ta ɗora a kafaɗa, ta manna kumatunta a jikin nata.

“Ashe har ta yi nauyi haka,” ta ce. “Ban san ta tana ƙarama ba.”

Da rana ban tambayi kowa ba, na juye tuwo da miya a babban kwano ɗaya na ajiye a tsakiyar tabarma. Muka sa hannu mu uku, Inna da jikarta a cinya. Gwaggo ta laluba cikin miyar ta tsamo kan tarwaɗa, wanda ita ta fi so a duk jikin kifi, ta tura shi gaban Inna.

“Ci,” ta ce. “Ki tsotse har ƙashin.”