Tumakin Suna

Shekarun da nake koyarwa a wata firamare a Bungudu, katin cirar albashina ba ya kwana a aljihuna. Yana wurin wani mai shago a Gusau da ke ba ma'aikata rance da ruwa. Ranar da aka biya mu, shi ke cirewa, ya ɗebi uwar kuɗi da ruwansa, ya miƙo min canji. Kafin tsakiyar wata na koma na sake karɓa. Mutumin ma ba shi da faɗa, har lemo yake ba ni, shi ya fi ba ni haushi.

Wani ƙarshen mako na je Tsafe gaida Inna hannu rabbana. Ta dube ni, ta tambaye ni ko an kore ni aiki. Na ji kunya, amma na faɗa mata gaskiya.

"Kuma kana da tumaki ka zamna wani na cin guminka?" in ji ta.

Ni tumaki? Ashe ranar sunana kakata ta ba ni tunkiya, aka kai ta kiwo wurin wani Bafulatani abokin Baba, can wajen Bilbis. Kowa a gidanmu ya san da zancen, ni kuma na ɗauka irin kyautar baki ce da ake yi wa jarirai.

Da na je Bilbis, ashe dattijon ya rasu, ɗansa na tarar. Ya ce wasu sun mutu, wasu ɓarayi sun kora, an fitar da rabon kiwo, amma nawa na nan. Ya ware raguna biyu da tumaki uku. Nan take na ce a kai su kasuwa duka.

"A'a Malam," ya ce. "Ɗauki huɗu. Uwa guda ba ta hita garke."

Na yi ta magiya ya ƙi. Kuɗin huɗun bai kai bashin ba, sai da na haɗa da wayata, ni da iyalina muka kuma yi wata guda muna cin tuwo da miyar kuka ba nama. Amma na karɓo katina.

Har yau ina jin daɗin taurin kan makiyayin nan. Da ya biye min, da ranar sunan 'yata ba ni da abin ba ta. Jikar tunkiyar da ya hana ni sayarwa ita na ba ta, tana can garkensa.