Guntun Ƙarfen da Ya Maƙale a Sigarin Auta

Mai Agogo ake ce masa, ko da yake har ya manta rabon da ya gyara agogo uku a mako guda. Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani benen 'yan kasuwa, wurin da mutum ba ya iya miƙewa tsaye. Shekara talatin da ɗaya yana shiga a sunkuye, yana fita a sunkuye, kuma duk wanda zai hau bene a kansa yake takawa. Da waya ta kashe kasuwar agogo, sai ya koma gyaran duk wani abu mai ƙaramin noti: hannun tabarau, rimot, fitilar caji, har zik ɗin jaka.

Bara ya yi niyyar rufe shagon. Babbar 'yarsa ta gyara ɗaki a gidanta, ta ce shi da mamanta su koma su huta. Har ya fara rabar da kayan aiki sai aka bugo waya cewa ƙaninsa Auta ya yanke jiki ya faɗi a tasha. Direban babbar mota ne, shekara ashirin a kan hanya, bai ajiye mata ba, bai ajiye ɗa ba. Ya fito daga asibiti ɓarin jikinsa na dama a shanye. Ina za a kai shi? Aka tura kujerun falo jikin bango, aka shimfiɗa masa katifa. Daga ranar ba wanda ya sake ta da maganar hutu.

A da Auta kwalin sigari biyu yake sha a rana. Likita ya ce ko kara ɗaya ya ƙara, babu ruwansa. Wani abokin tuƙinsa ne ya kawo masa sigarin lantarki, irin mai batir da ɗan tankin ruwa da ake murɗawa a kai. Shi ma wannan likita bai so shi ba, amma gidan ya ɗan samu lafiya. In Auta ya zuƙa sai ya yi shiru. In babu, kofin da ke kusa da shi ne zai sha bango.

Wata safiya abin ya suɓuce daga hannunsa na hagu ya faɗi a kan siminti. Tankin ya yi gefe, wuyansa kuwa, ɗan guntun ƙarfen nan mai haƙoran murɗi, ya karye ya zauna daram a cikin ramin gangar jikin sigarin.

"Yaya," in ji Auta, bakinsa a karkace, "ai kai ne mai gyara."

"Ni agogo na koya, ba bututun hayaƙi ba."

Amma ya saka shi a aljihu. Matarsa ta biyo shi har bakin ƙofa, ta rage murya.

"Don Allah, Baban yara, kar ka dawo haka nan. Ni ce nake yini da shi."

Da ya isa kasuwa, ya fara hawa saman benen wurin mai sayar da kayan waya, ko za a samu sabo. Mutumin ya jujjuya abin ya yi dariya.

"Baba, yaushe ka fara? Ba ka gaya mana ba."

"Bar wasa. Akwai ko babu?"

"Tankin akwai. Gangar jikin ce aka daina kawo irinta. In ka fitar da guntun, shi ke nan."

Ya sauko ya shige shagonsa. Ya cire batir tukuna, ya maƙala madubin ido ɗaya, ya leƙa. Guntun ya karye daidai da bakin ramin, babu inda za a kama. A tsakiya kuma ga wani siririn tsinke da wuta take bi, wanda in ya lanƙwashe aikin ya ƙare.

Ya gwada hantsaki, ya zame. Ya yanko guntun roba ya danna da sukudireba ya murɗa, robar ta yage, ƙarfen ko gezau. Ruwan tankin da ya daɗe yana tsiyaya ya bushe a haƙoran ya zama kamar gam. Ya ɗiga masa sifirit, ya jira, ya sake gwadawa. Shiru.

Dabara ɗaya ta rage, ya tsaga gefen guntun a wuri biyu masu kallon juna, don bakin filaya ya samu wurin zama. Ya ɗauko magagarinsa mafi siranta.  Ga masu hawa bene, duk takun da suka yi sai teburin ya girgiza. Ya riƙa aiki a tsakanin taku, ya goga sau biyu, ya tsaya, ya goga sau uku.

Can sai ya tsinci kansa yana kallon tsinken nan. Taɓi ɗaya ya isa. Ya koma gida ya ce abin ya mutu, wa zai ƙaryata shi? Ya daɗe magagarin na hannunsa. Sai ya tuna ba shi za a jefa da kofi ba. Ya share zufa ya ci gaba.

Sai bayan azahar tsagar ta yi zurfi. Ya saka bakin filaya, ya danna, ya murɗa hagu. Abin ya yi ɗan ƙara, ya motsa. Ya bi shi a hankali har guntun ya faɗo a tafin hannunsa, bai kai ƙwayar wake ba.

Da yamma ya miƙa wa Auta sigarin da sabon tanki. Auta ya zuƙa, ya rufe ido, tururin ya tashi ya tsaya a ƙarƙashin silin. Matar Mai Agogo ta sauke ajiyar zuciya ta shige kicin.

"Yaya," in ji Auta, bai buɗe ido ba, "na tare muku gida."

Mai Agogo ya matso kusa da shi. Ya durƙusa a gefen katifar.

"Ɗaga hannun in cire maka rigar nan. Ta jiƙe."