Gadar Aro Zuwa Ƙauyen Bakin Iyaka

Lokacin da nake aikin haɗa kwamfutocin wasu ƙananan asibitoci a ƙasar Daura, shugabata wata Hajiya ce, injiniya, mai faɗan tsiya. Ni ma ba kanwar lasa ba ne, don haka kullum sai mun yi.

Tsarin namu yanki-yanki ne. Na Daura shi ne uwa, muna kiransa yankin sifili, kuma dole kowane yanki ya taɓa shi kafin saƙonsa ya wuce. Na Mai'adua yana taɓa shi. Amma wani sabon asibiti a ƙauyen bakin iyaka, wayarsa a Mai'adua ta tsaya. Sai muka yi masa gadar aro. Ba waya ba ce, umarni ne ake rubuta wa rauta, na'urar da ke raba wa saƙo hanya. Ta Daura a ba ta lambar shaidar ta Mai'adua, ita ma a ba ta lambar ta Daura, shi ke nan ƙauyen ya samu shiga, kamar baƙon da mai masaukinsa ya gabatar.

Wata ranar damina da hantsi nas ɗin ƙauyen ta kira ni. Wata mai ciki wata takwas tana ganin jini. An ɗauki hoton cikin, amma ya ƙi tafiya wurin likita a Daura. Mijin kuwa ya ce ba zai zauna jiran na'ura ba, a babur zai kawo ta. Na san hanyar nan, duk ramuka ce da taɓo.

Ina Mai'adua a lokacin. Na duba waya, lafiya lau. Umarnina yana nan yadda na bar shi. Gada dai ta mutu murus. Wallahi har na ɗaga hannu zan kai wa rautar duka.

Na kira Hajiya, ashe tana gidan sunan jikanta. Ina jin hayaniyar mata.

"Kai, bar surutu haka," ta ce. "Wuta ta ɗauke a nan?"

"Batirin sola ya mutu da safe, Hajiya."

"To karanto min lambar shaidar rautar."

Na karanto. Ba wadda muka ba ta Daura ba ce! Da rautar ta farfaɗo, sai ta zaɓar wa kanta sabuwar lamba, don ba a taɓa kafe mata guda ba. Ta Daura tana can tana ta sallama da tsohuwar.

"Kafe mata tsohuwar, ka tashe ta," in ji Hajiya. "Ni zan duba ɗaya bakin, na Daura."

Daga baya na ji da kwalliyarta da komai ta tare ɗan acaɓa zuwa ofis. Muna kan waya tana ta yi min tsiya har gadar ta tashi.

Hoton ya isa. Likita ya kira nas nan take: mabiyiya ce ta tare bakin mahaifa, kada a kuskura a ɗora ta a babur, ga mota nan zuwa.

Har yau in na tuna Hajiya sai na yi mata addu'a, duk da faɗanta. Nas ta ce lokacin da ta fita da gudu ta tsayar da su, matar ta riga ta hau bayan babur ɗin, mijin yana ƙoƙarin tayar da shi.