Hannun Ɗanmusa da Azarar Inna Marka

A Bukkuyum, idan mutum ya shiga ɗaki ya ɗaga kai ya ga inda launin bango ya haɗu da silin a miƙe kamar an yanka da reza, ba ya tambayar wa ya yi fentin. Ɗanmusa ne. Ba ya liƙa takarda a bakin silin, ba ya kara kwali. Ƙaramin buroshi kawai yake tsomawa, ya goge gefe ɗaya a bakin gwangwani, ya riƙe numfashi, ya ja. Masu liƙa takarda kuwa, cewa yake yi su koma gona.

A Nasarawa Burkullu aka haife shi, gidan manoma gero. Noman bai karɓe shi ba, sai ya tafi Gummi yana saurayi, ya zauna wurin wani tsohon mai fenti yana wanke bokiti har aka yarda ya hau tsani. Ya yi aure, ya dawo Bukkuyum da matarsa Zaliha, ya ci gaba da shafe shaguna da ɗakunan amare. Da zinariya ta ruɗa ƙasar nan, shi ma ya ajiye buroshi ya nufi wajen Abare, ya shekara biyu ko uku a bakin injin niƙan dutse yana shaƙar ƙurar. Bai dawo da komai ba sai ciwon ciki da tari. Ya sake ɗaukar buroshinsa, bai ƙara ambaton zinariya ba.

Bara hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko sai da yamma, in ya gaji. Daga baya har da safe, shayi na zuba masa a riga. Wani ma'aikacin asibiti ya ce mai yiwuwa tsohuwar gubar dalma ce, mai yiwuwa kuma shekaru ne. Ɗanmusa bai ga amfanin sanin wanne ba ne, tunda duk hannu ɗaya suke ci. Ban da ma'aikacin, Zaliha kaɗai ta sani. A waje yana sa hannun cikin aljihu, ya zaɓi aikin katanga da ƙofofin shago, inda babu silin da zai tona shi. Ya san garin: ranar da aka ce hannun Ɗanmusa na rawa, babu mai sake kiransa ko shafa kewaye.

Ana cikin haka Alhaji Abdulwahabu, wani ɗan kasuwa da ke zaune a Gummi, ya zo masa da aiki. Mahaifiyarsa, Inna Marka, ta ƙi barin tsohon soronta na ƙasa. Ya yi ya yi ta koma sabon ɗaki, ta ce a'a. Da ƙyar ta yarda aka yi wa bangon filastar siminti, yanzu saura fenti. Ya so ya sa a rufe saman da farin silin na roba, nan ma ta tubure.

Ɗanmusa ya so ya ce aiki ya yi masa yawa, amma duk layin sun san mako biyu ke nan yana zaune a ƙofar gida. Ya ɗaura tsaninsa a bayan ɗan acaɓa ya tafi.

Ɗakin ba babba ba ne. Rufinsa azara ce ta giginya, an jera ta kusa-kusa, ta yi baƙi tana sheƙi saboda hayaƙin shekaru. Inna Marka na zaune a bakin ƙofa kan tabarma, faifan wake a cinya tana tsinta.

"Kai ne mai hwentin?"

"Ni ne, Inna. Ina kwana?"

"Lahiya lau. Ɗaga kanka. Ka ga azarag ga? Baban Abdu yaj jera ta da hannunai, tun ina amarya. Bangon ku yi mashi abin da kuka ga dama, ba nawa ba ne yanzu, na siminti ne. Amma ɗigo guda in ya taɓa itacen nan, ni da kai ne."

"Na ji, Inna."

"Kowa haka shika cewa."

Ɗanmusa ya dama shuɗin fentin da Alhaji ya saya, ya fara da rola daga tsakiyar bango zuwa ƙasa. Rola ba ta tona asirin kowa. Da hannu biyu ake riƙe sandarta. Ya ja aikin ƙasan har rana ta ɗaga, yana shafa inda ya riga ya shafa, don kawai kada ya hau tsanin. Da babu sauran inda zai fake, sai ya jingina shi a kusurwar bayan ƙofa, inda ido bai cika kaiwa ba, ya hau.

Azara ba silin ba ce. Bakinta ba a miƙe yake ba, kowane itace da inda ya nutse cikin bango, kuma busasshiyar giginya shan fenti take yi kamar yashi da ruwa. Ya tsoma buroshi, ya goge gefe, ya riƙe numfashi. Ya wuce itace na farko lafiya, ya wuce na biyu. A na uku hannun ya fizge, buroshin ya dangwali azarar, shuɗi kamar faɗin babban yatsa.

Ya tsaya a kan tsanin yana kallon wurin. Ƙarar wake a faifai ta ɗauke.

"Sauko," in ji Inna Marka.

Bai sauko ba. Ya zaro wuƙar kankare bango daga aljihu, ya riƙe ta da hannu biyu, ya kankare shuɗin a hankali har farin itacen ya fito. Sannan ya sauka, ya wuce ta, ya shiga madafa, ya lakato kunkunniya daga bango, ya haɗa da ɗigon man gyaɗa, ya koma ya murza a wurin. Baƙin ya zauna, amma bai yi sheƙin sauran ba. Wanda ya san wurin zai gane.

"Shina nan," ta ce. "Ina ganinai daga nan."

"Shina nan, Inna. Ba ya fita."

"Miƙo hannun in gani."

Ya miƙa. Yatsun na kaɗawa kamar ganye. Ta daɗe tana kallo, sannan ta koma kan wakenta.

"Da ka hwaɗi tun da sahe."

"Da na faɗa, da Alhaji ya kira wani."

"Da ya kira mai ɓata min itace goma, ya ce ba shi ba ne." Ta watsar da wata tsakuwa. "Mu da muna shahe ɗakin ga da hwarar ƙasa duk sallah, da tsumma, kana zaton muna kai wa azara? Wa ag da tsani? Inda hannu ya tsaya nan muka tsayawa. Baban Abdu bai taɓa cewa ɗaki bai yi ba."

Ɗanmusa ya zauna a kan bokiti ya ɗan huta. Sannan ya roƙi zare, ya buga ƙusa a kowace kusurwa, kamar faɗin tafin hannu ƙasa da azarar, ya ɗaure zaren ya ja shi ya miƙe. Ya samo gutsuren kwanon rufi mai miƙaƙƙen baki a bayan gida, ya kara shi a kan zaren da hannun hagu, yana shafawa a ƙarƙashinsa. Irin aikin da ya shekara talatin yana yi wa dariya ke nan. Hannun ya yi ta fizga, amma duk fizgar a kan kwanon take ƙarewa. Ɗan shuɗin da ya fara kaiwa sama a bayan ƙofa kuwa, ya kankare shi. Kafin la'asar ya zagaye ɗakin, wuyansa ya sage, gwiwoyinsa na ciwo.

Alhaji Abdulwahabu ya iso bayan sallar la'asar. Ya shiga, ya juya, ya ɗaga kai.

"Malam Ɗanmusa, wanga hili da ka bari a sama fa? Fentin ne ya ƙare?"

"Ni nac ce a bari," in ji Inna Marka daga bakin ƙofa. "Ɗakinka ne?"

Alhaji ya yi dariya. "A'a, Inna, ni na isa? Ai ma ya yi kyau." Ya juyo. "To Malam, akwai sabon gidana na Gummi. An gama silin, fari tas, falo biyu. So nike a ja min layin nan naka da ake magana, har sama. Yaushe za ka zo?"

Inna Marka ba ta ɗago ba. Ta riga ta rufa masa asiri, ba za ta ƙara komai ba. Aiki ne na wata guda, irin wanda rabonsa da shi tun kafin damina. Ɗanmusa ya tuna farin itacen da ya fito a ƙarƙashin wuƙarsa. Ya zaro hannun daga aljihu, ya miƙa shi a gaban Alhaji, ya bar shi yana rawa har mutumin ya gama gani.

"Nemi wani, Alhaji. Ka ce ya liƙa takarda."

Kafin ranar kasuwa labarin ya gama gari, kamar yadda ya sani. Masu sababbin gidaje suka daina tsayawa a ƙofarsa. Wasu tsofaffin mata biyu da suka je gaida Inna Marka sun aiko a shafa musu sorayensu, a bar musu filin nan a sama. Aikin ba ya da yawa, kuma ba kullum ba. Gutsuren kwanon yana nan cikin buhun kayansa. Zaliha ta naɗe masa gefe ɗaya da tsumma don kada ya yanke shi.