'Yar Waje Ba Ta Maƙaƙi

Salamu alaikum jama'a. Wata goma sha ɗaya rabona da shafin nan. Masu cewa Sule Kamasho ya samu duniya ya manta da mutane, ku yi haƙuri, jinya na yi. Yau da yatsa nake muku magana, don shi ya rage min.

Duk wanda ya taɓa hawa motar Ringim ko Taura a tasharmu ta Dutse ya san muryata. Shekara ashirin ina kiran fasinja. Da ita na yi aure, da ita nake ciyar da yara huɗu, kuma da ita Innata ke gane ni, don idonta ya daɗe da tafiya. Tana ƙauyenmu ta wajen Taura, kullum da hantsi sai na kira ta a waya.

Kun san ni da taba, ba sai an ɓoye ba. 'Yar gida nake sha, mai arha, wadda in ka ja sai ta yaƙushe ka tun daga harshe har ƙirji, warinta ya kwana uku a riga.

Da muryata ta fara dishewa na ce ihun tasha ne. Na sha zuma da lemon tsami, na sha citta da kanumfari. Shiru.

Mai teburin da nake saye a wajensa ya ce, "Kamasho, 'yar gidan nan ce ke cin maƙogwaronka. Koma 'yar waje. Dubi audugar gindinta, ta fi tsawo, tana tace dattin. Ga sanyi, ba maƙaƙi."

Ba na ganin laifinsa, shi ma da haka ya yarda.

Na koma, kuma lallai akwai bambanci. Ɗaurinta tam, ba ta saurin cinyewa, hayaƙinta na wucewa sumul kamar ruwan randa. Har fankama nake a gaban direbobi, wai na bar shan ta talakawa. Da can in na sha kara biyar tari ke tsayar da ni. Da na koma wannan ba abin da ke tsayar da ni sai ƙarshen kwali. Ni a wautata magani nake sha.

Wata bakwai na ɓata a haka, har tuwo ya gagare ni haɗiya. Ranar da matata Rabi ta ga jini a kakina, ba ta nemi shawarata ba, mayafi kawai ta ɗauka ta ce mu tafi.

Daga asibiti a Dutse aka tura mu Kano. Aka zura min wata siririyar na'ura ta hanci, aka yanki ɗan nama aka kai gwaji. Sati biyun da muka yi muna jira, ban taɓa jin tsoro irinsa ba.

Ciwon daji ne a maƙogwaro.

Na ce, "Likita, ai na daɗe da komawa 'yar waje."

Ya ajiye biro. "Malam Sule, duk ganye ɗaya ne. Maƙaƙin da ka guda gargaɗi yake maka. Mai laushin kuwa ta bar ka ka zuƙa har ƙasa. Da ka zo lokacin da muryar ta fara dishewa, da wataƙila mun ceto ta."

Ya ce sai an cire wurin da murya ke fita gaba ɗaya. Babur ɗina ya tafi, tumakin Rabi suka bi shi.

Safiyar da za a shiga da ni tiyata na kira Inna da ɗan ragowar muryar. Ta ce, "Wai me ke damun muryar nan taka?" Na ce, "Mura ce, Inna, ta kusa tafiya."

Maganata ta ƙarshe a duniya ke nan, kuma ƙarya ce na yi wa mahaifiyata. Wannan ya fi wuƙar likita yi min ciwo.

Na farka da rami a wuya, ta nan nake numfashi. Sai gashin na'ura sati shida, fata ta ƙone, abinci ba ɗanɗano. Kullum Inna ta kira, Rabi ta ce ina barci. Ran nan na jiyo Inna a wayar tana cewa, "Ki kara masa wayar, ko tari ya yi in ji." Na juya fuska bango na yi kuka, kukan ma ba sauti.

Yanzu likitoci sun ce ba su ga sauran ciwon ba. Alhamdulillahi. Rabi, Allah ya saka miki da Aljanna. Direbobin tasha da ma'aikatan jinya, Allah ya biya ku.

Ɗan'uwa, in muryarka ta dishe ta wuce sati uku, tafi asibiti, kada ka canza kwali. Ta gida da ta waje duk ka bar su.

Juma'ar da ta wuce na je gida. Ni ba baki, Inna ba ido balle in rubuta mata. Rabi ce ta faɗa mata komai, har ƙaryar. Inna ta laluba fuskata, ta gangaro wuya, hannunta ya tsaya a kan ƙyallen da na rufe ramin.

Ni ne ɗanta na fari, tun da ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba. Sannan ta ce, "Sulaimanu, na yafe maka."

Ta kira ni, ban iya amsawa ba.