Igiyar Layar Kyauta

A Ɗanzomo, farkon zamanin Nasara, Iya Turai mai kaɗi tana da kyanwa, Kyauta, mai tsare mata rumbu. Don tsoron bakin mutane ta karɓo mata laya, ta ce wa baduku ya sa igiyar fata wadda ba ta tsinkewa.

Ba ta kuwa tsinke ba. Wata safiya Iya Turai ta iske Kyauta rataye da igiyar wuyanta jikin ƙayar shinge, ta sandare.

Daga ranar tsohuwar ta zama mafaɗaciya. Ko a wuyan jariri ta ga igiyar fata, sai ta yanke, ta ɗaura zarenta marar ƙwari, tana yi wa uwar tsawa: "In laya ta faɗi, malam ya rubuta wata. Wuyan fa, wa zai rubuta miki?"