Uwar Makullai Ta Ajiye Aiki

Kullum tana riga masu shara isowa asibitinmu. Ta ce mini, "Baba maigadi, an tashi lafiya?" sannan ta shige ɗan ɗakinta na ƙarƙashin bene, ta dafa na'urori ta ji ko sun yi zafi. Uwar Makullai muke ce mata, kuma ba don yabo aka raɗa mata sunan ba.

Ban yi boko ba, amma da makulli nake ci, don haka na gane aikinta. Shekarar da aka sauya tsarin kwamfuta, sai da aka sake gina manhajar marasa lafiya, domin kayan ginin tsohon gida sun ƙi zama a sabo. Ita ta harhaɗa su. Sai dai wanda ya kwaso fayiloli da sunan babban mai izini ya kwaso su, duk suka zama mallakarsa. Likita ya taɓa, a rufe. Nas ta taɓa, a rufe. Layi har titi.

Akawu ya leƙa ɗakinta, ya ce, "Haba Yaya, buɗe wa kowa komai mu huta! Gadon gidanku ne?"

Ta ce, "Ƙanena, in na buɗe, ka karanta ciwon kowa, kowa ya karanta naka. Ka yarda?"

Ta bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya tana mayar wa kowane mai shi: wannan ya rubuta, wancan ya karanta kawai, saura ko leƙe. A baranda kuwa ana ta tsine mata.

Uwar Makullai, ke ce kika sha zagin nan ba ki tanka ba. Nawa fayil ɗin yana ciki, 'yata. Da labarin ciwon da ke cikinsa ya fita, babu mai sake sa hannu a kwanona.

Jiya aka yi mata sallama. Ni na jera kujeru, ni na kwashe su, yawancinsu ba a zauna ba. Da kanta ta ɗauki jakarta. Gida guda, duk ta rufa mana asiri, muka kasa ko rakiya! Na buɗe mata ƙofa, na kasa haɗa ido da ita.

Mun gode, Uwar Makullai. Allah Ya rufa miki fiye da yadda kika rufa mana. Ku kuma 'yan baya, in an ba ku makulli, ku riƙe shi kamar yadda ta riƙe, ko za a zage ku.

Ɗazu akawu ya zo ya sa hannu a kwanona kamar kullum.